Bayan Kowace Lamba Akwai Mutum: Tarihin Littattafan Waƙoƙin Coci Da Marubutansu

Duk wanda ya taso daga birnin Sakkwato ya kama hanyar Jega, zai ratsa ƙasar Boɗinga, sannan ya faɗa Shagari kafin ya isa Tambuwal. Matafiya da yawa ba sa lura cewa wannan ɗan tsakani gida ne na rubutacciyar waƙa. A Sifawa, cikin ƙaramar hukumar Boɗinga ta yau, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna daga wajen 1810 zuwa 1815 yana karantarwa yana rubutu. Ƙanensa Malam Abdullahi kuwa a garin Boɗinga ya zauna a wannan lokaci, kuma a 1813 ya tattara waƙoƙinsa na Larabci tare da bayaninsu cikin littafin Tazyinul Waraƙat. Can gaba a Shagari aka haifi marigayi Alhaji Shehu Shagari a 1925. Tun kafin ya zama shugaban ƙasa a 1979, yana malamin makaranta ya rubuta Waƙar Nijeriya a 1948 don yara su riƙe labarin ƙasa da tarihi ba tare da wahala ba.

Dukkansu sun gane abu guda: abin da aka faɗa cikin zance yakan tashi da iska, amma abin da aka sa cikin waƙa yakan zauna a ka, har wanda bai iya karatu ba ya tafi da shi gona ko bakin rijiya.

Wannan dabara ba a Sakkwato kaɗai aka san ta ba. A makarantunmu na sakandare akwai ɗalibai Kiristoci, wasu daga Zuru, wasu daga Kudancin Kaduna ko Filato, wasu kuma a nan aka haife su. Da yawansu suna da wani ɗan littafi a gida mai suna Littafin Waƙoƙi. Ranar Lahadi mai jagorantar sujada yakan ce a buɗe waƙa ta lamba kaza, jama'a su buɗe su rera, ba kasafai wani ke tambayar wanda ya rubuta ta ba. Yau za mu bi sawun wannan littafi mu ga inda ya samo asali, da irin mutanen da ke ɓoye bayan waɗannan lambobi.

Kafin a san injin ɗab'i

Kiristocin farko da Zabura suka fara, wadda suka gada daga Yahudawa. Sannu a hankali suka shiga tsara nasu waƙoƙin. Mafi tsufar waƙar Kirista da aka samu rubuce tare da alamomin yadda ake rera ta, a Afirka aka tono ta. Wani guntun takardar gargajiya ce ta Masar da aka samu a kufan garin Oksirinkus, wanda ake kira Bahnasa a yau. An rubuta ta da Girkanci a ƙarshen ƙarni na 3, masana kuma suka buga ta a 1922.

A ƙarni na 4 an yi wani malami, Ifraimu na Siriya, wanda ya rasu a 373 a birnin Edessa, wato Urfa ta ƙasar Turkiyya ta yanzu. Ya ga masu koyarwar da bai yarda da ita ba suna jan jama'a da waƙa, sai shi ma ya mayar da darussansa waƙoƙi cikin harshen Suriyanci, kuma tarihin cocinsu ya ce har ƙungiyoyin mata ya koya wa su riƙa rerawa. A Habasha ma, cocin ƙasar na danganta tsarin waƙoƙinsa ga wani mutumin Aksum mai suna Yared, wanda ya rayu a ƙarni na 6, kuma har gobe ana rera su da tsohon harshen Gi'iz.

Sai dai duk waɗannan da hannu ake kwafarsu. Littafi guda kan ci watanni, saboda haka sai manyan majami'u da gidajen masu ibada ke mallakarsa. A Yammacin Turai kuma akwai wata matsalar: da Latin ake sujada, harshen da manomi da maƙeri ba sa ji. Limamai da mawaƙan coci ke rerawa, sauran jama'a na tsaye suna saurare.

Littafi mai waƙoƙi takwas

Wajen 1450 Johannes Gutenberg ya fito da injin ɗab'i a Jamus, al'amura suka sauya. A 1501 aka buga wani littafin waƙoƙin ibada a birnin Prague cikin harshen Cek, wanda ake lissafa shi cikin na farko-farko da aka buga da harshen talakawa. A 1524 kuma aka buga wani ɗan ƙaramin littafi a Jamus mai waƙoƙi takwas kacal, huɗu daga ciki na Martin Luther ne. Luther ya dage cewa kowa ya buɗe baki ya yi waƙa da harshen da uwarsa ta yi masa magana da shi. Waƙoƙin suka bazu a kasuwanni da gidaje, suka kai koyarwarsa inda dogayen littattafansa ba su kai ba.

Don ku ga matsayin da irin wannan littafi ya samu, littafi na farko da Turawan Ingila suka buga a yankin da ya zama Amurka, littafin waƙoƙin Zabura ne, a 1640. Kwafi 11 kawai suka rage a duniya, kuma a 2013 an sayar da ɗaya a kan dala miliyan 14 da 'yan kai. Waɗanda suka riƙa rera waƙa da shi ba su taɓa zaton zai yi wannan daraja ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ɗan fursuna da ɗa na 18

An haifi Isaac Watts a Southampton ta Ingila a 1674. An taɓa ɗaure mahaifinsa a kurkuku saboda ya ƙi bin tsarin cocin gwamnati, kuma saboda wannan dalili shi ma Isaac bai sami damar shiga jami'ar Oxford ko Cambridge ba. A zamaninsa Zabura kaɗai ake rerawa a cocinsu, cikin wata fassara mai nauyi a baki. Ana ba da labari cewa yana saurayi ya yi wa mahaifinsa ƙorafi a kan haka, uban ya ce masa in ya isa ya rubuta wadda ta fi. Ya kuwa zauna ya rubuta. Littafinsa na farko na waƙoƙin ibada ya fito a 1707, a 1715 kuma ya fitar da wani musamman don yara. Mutum ne mai yawan rashin lafiya, amma kafin rasuwarsa a 1748 ya bar waƙoƙi kimanin 750.

A shekarar da littafin Watts ya fito aka haifi Charles Wesley, ɗa na 18 a wajen iyayensa. Shi da wansa John suka kafa tafiyar da ta zama cocin Methodist. Sun riƙa yawo a kan doki suna wa'azi a fili ga masu haƙar kwal da leburori, mutanen da yawancinsu ba su taɓa shiga aji ba. Charles ya rubuta waƙoƙi fiye da 6,000, a 1780 kuma John ya tace 525, mafi yawansu na ƙanen nasa, ya buga su cikin littafi guda wanda ya jera bisa darussa, tamkar manhajar makaranta.

Mai fataucin bayi

Labarin John Newton ya shafe mu kai-tsaye, domin a gaɓar tekun Afirka ta Yamma ya faru. An haife shi a Landan a 1725, ya taso cikin jiragen ruwa, ya shiga cinikin bayi. Wajen 1745 rigima ta sa aka bar shi a wani tsibiri kusa da Saliyo a hannun wani ɗan kasuwar bayi, inda shi kansa ya ɗanɗana wulaƙanci da yunwa. A 1748 yana hanyar komawa gida guguwa ta kusa nutsar da jirginsu, kuma daga ranar ya ce ya fara komawa ga Allah.

A nan ne ya kamata ɗalibi ya buɗe ido. Newton bai bar cinikin bayi nan take ba. Bayan wannan guguwa ne ma ya zama kyaftin, ya yi tafiya uku yana jigilar 'yan Afirka cikin sarƙa, har 1754 da rashin lafiya ta tsayar da shi. Ya zama limamin coci a ƙauyen Olney a 1764, inda shi da abokinsa mawaƙi William Cowper suka riƙa rubuta waƙoƙi don talakawan ƙauyen. An buga su a 1779 cikin littafin Olney Hymns mai waƙoƙi 348, kuma a ciki ne waƙarsa da ta fi shahara, Amazing Grace, ta fara fitowa. Sai a 1788, shekara 34 bayan ya bar teku, ya fito fili ya rubuta ƙasida yana bayyana muguntar cinikin da nadamarsa, ya kuma mara wa William Wilberforce baya a yaƙin hana shi. Majalisar Birtaniya ta haramta cinikin a 1807, a ƙarshen shekarar Newton ya rasu.

Masu rera waƙarsa da yawa sun san tubarsa, ba su san jinkirin da ya yi ba. Wanda ya san duka biyun shi ya san mutumin.

Makauniya mai waƙa 8,000

Frances Jane Crosby, wadda aka fi sani da Fanny Crosby, an haife ta a jihar New York ta Amurka a 1820. Ta makance tun tana jaririya, mahaifinta kuma ya rasu kafin ta cika shekara guda. Kakarta da wata mata da suka zauna a gidanta suka riƙa karanta mata littafi tana haddacewa, har ta riƙe manyan sassa na Littafi Mai Tsarki a ka. Tana shekara 15 ta shiga makarantar makafi ta birnin New York, daga baya ta zama malama a can. Ta auri wani makaho mai kiɗa, suka haifi ɗa guda wanda bai yi rai ba.

A 1864 ta fara rubuta waƙoƙin coci gadan-gadan. A ka take tsara waƙa, ta gyara ta, ta ajiye, wani lokaci da yawa a jere, sannan ta shifta wa mai rubutu. Ta yi fiye da 8,000. Yawansu ya sa masu buga littattafai suka ji tsoron kada a ce littafinsu na mutum ɗaya ne, sai aka riƙa sa mata sunayen aro, kusan 200. Ladanta a kan waƙa guda bai wuce dala ɗaya ko biyu ba, ribar kuwa ta kamfani ce. Ta zauna a ɗakunan haya kusa da unguwannin matalauta, tana zuwa gidajen da ake taimakon mashaya da marasa galihu, har ta rasu a 1915 tana da shekara 94.

Duk Bahaushen da ya ji wannan labari zai tuna da Malam Aliyu Namangi na Zariya, wanda shi ma ya makance tun yana ƙarami, ya tsara Waƙoƙin Imfiraji a ka, aka rubuta, aka buga, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Addininsu daban, ƙasarsu daban, ba su san juna ba, amma kowannensu ya nuna cewa rashin ido ba rashin basira ba ne.

Wanda ya yaɗa waƙoƙin Crosby a duniya shi ne Ira Sankey, mawaƙin da ke tafiya tare da mai wa'azi D. L. Moody. A 1873 suna Ingila ya buga wata 'yar ƙasida mai suna Sacred Songs and Solos, wadda ta yi ta girma har ta kai waƙoƙi 1,200. Irin waɗannan waƙoƙi masu sauƙin kari da amshi mai maimaituwa su aka fara kira waƙoƙin bishara, kuma su ne 'yan mishan suka zo da su cikin akwatunansu.

Yadda suka shigo Hausa

Abin mamaki, a Saliyo ɗin da Newton ya yi fataucin bayi aka fara rubuta Hausa da boko don aikin mishan. Bayan hana cinikin, jiragen yaƙin Birtaniya sun riƙa tare jiragen bayi suna sauke mutanen a Freetown, cikinsu har da Hausawa. A wurinsu wani Bajamushe ɗan mishan, J. F. Schön, ya fara koyon Hausa, ya buga jerin kalmomi a 1843. Daga baya ya sami babban malami, wani yaro Bahaushe daga ƙasar Damagaram mai suna Dorugu, wanda matafiyi Heinrich Barth ya kai Ingila a 1855. Daga bakin Dorugu aka sami yawancin abin da ke cikin littafin Magana Hausa na 1885. Dorugu ya dawo gida, ya rasu a Kano a 1912.

A 1900 wata tawagar mishan ɗin CMS ta iso Kano, Sarki Alu ya sallame ta. Cikin tawagar akwai likita Walter Miller, wanda ya zauna a birnin Zariya daga 1905, kafin a mayar da mishan ɗin Wusasa wajen 1929. Miller ya ja gaba wajen fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa tare da Hausawan da ke aiki da shi da wakilan wasu mishan, aka buga shi cikakke a 1932. A ɗaya gefen kuma akwai mishan ɗin SIM, wanda mutanensa na farko suka iso a 1893, da SUM wanda ya fara a Wase a 1904. Daga SIM ne cocin ECWA ya fito a 1954.

Waɗannan mishan sun tarar da ɗaruruwan harsuna a Filato, Kudancin Zariya, Bauci da Adamawa. Ba za su iya buga littafi da kowanne ba, sai suka ɗauki Hausa, harshen kasuwa, ta zama harshen coci da makaranta. Haka aka yi ta fassara waƙoƙin su Watts, Wesley, Newton da Crosby, ana ƙarawa a bugu bayan bugu, har aka sami Littafin Waƙoƙi da aka sani yau, wanda Jos ta zama cibiyar buga shi da rarraba shi. Shi ya sa za ku ga Berom da Bajju da Tangale da Dakarkari, kowa da harshensa a gida, amma ranar Lahadi da Hausa suke waƙa.

A lardin Sakkwato, kamar Kano da Katsina, Turawan mulki sun daɗe ba su bar 'yan mishan sun zauna ba, saboda alkawarin da suka yi wa sarakuna na ƙin taɓa addini. Sai a ƙarshen shekarun 1930 aka ba SIM aikin kula da masu cutar kuturta a Amanawa kusa da birnin Sakkwato, da Babbar Ruga a Katsina, da 'Yadakunya a Kano. A hayin iyaka kuma SIM ta sauka Damagaram a 1924, ta buɗe asibitin Galmi a 1950. Duk inda ƙaramar jama'ar Kirista ta taru a waɗannan wurare, da Hausa take sujada.

Inda gizo ke saƙar

Fassara waƙa ba kamar fassara wasiƙa ba ce, kuma a nan ɗaliban Hausa za su ji daɗin darasin. Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali. Ku faɗi "gari" da mutane ke zaune a ciki, sannan ku faɗi "gari" na tuwo. Rubutu ɗaya ne, jan wasalin farko ne ya raba su. Ku faɗi "fari" na launi, ku faɗi "fari" na rashin ruwan sama. A nan hawa da saukar murya ne suka raba su.

Waƙar Turanci ba ta damu da wannan ba. Ita gaɓoɓi take ƙirgawa, ta duba inda ake danna murya. Idan aka ɗauki karin da aka tsara don Turanci aka ɗora masa kalmomin Hausa, sai a tarar an ja gaɓar da ya kamata ta gajarta, ko murya ta hau inda Bahaushe ke sauke ta. Mai fassara na fama da abu uku a lokaci guda: ma'ana kada ta ɓace, yawan gaɓoɓi ya dace da kari, kalma kuma kada ta juye ta zama wata. Sau da yawa dole a sadaukar da ɗaya, kuma amsa-amo ne ya fi shan wahala.

Malaman Sifawa da Boɗinga su ma aron ma'auni suka yi, daga arulin Larabci. Amma sun yi sa'a, domin Larabci da Hausa duka suna bambanta doguwar gaɓa da gajera, saboda haka awon ya zauna daram. Su ma sun yi aikin fassara. Shehu ya yi waƙar Tabbat Haƙiƙa da Fulatanci, 'yarsa Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa a 1831, ƙanenta Isan Kware kuma ya yi mata tahamisi, wato ya ƙara ɗango uku a kan kowane baiti mai ɗango biyu. Nana Asma'u ta kuma kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajis ke zuwa daga ƙauyuka su haddace waƙoƙi su koma su koya wa mata 'yan'uwansu.

Kiristocin Arewa sun sami tasu mafitar. Wasu 'yan mishan na farko ba su so a shigo da ganga coci ba, amma da jagoranci ya koma hannun 'yan ƙasa sai ƙungiyoyin Zumuntar Mata da na Sabon Rai suka shiga tsara waƙoƙinsu da karin gida: jagora ta bayar, jama'a su amsa, ana buga tulu ana kaɗa caki. A irin waɗannan waƙoƙi kalma ce ke jan kari, don haka ko yaro ya ji ya gane. Yawancinsu ba su shiga littafi ba, a baki suke yawo, sai kaset a da, yanzu kuma waya. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma idan mai ita ya kwanta dama ba a rubuta ba, takan bi shi.

Suna a ƙarshen waƙa

Akwai wata kyakkyawar al'ada ta marubutan waƙoƙin Hausa. Da yawansu sukan ambaci sunansu a baitocin ƙarshe, su kuma sa ramzi, wato kalmar da idan aka haɗa adadin haruffanta na Larabci za ta ba da shekarar Hijira da aka gama waƙar. Wannan ya taimaki masu bincike ƙwarai. Duk da haka, da ba a adana takardun ba da babu abin da za a bincika. Waƙoƙin Nana Asma'u sun tsira ne domin zuriyarta, musamman gidan Wazirin Sakkwato Junaidu, sun riƙe rubuce-rubucen. Daga nan Jean Boyd da Beverly Mack suka tattara su suka buga a 1997, shekara 133 bayan rasuwarta.

Ku tuna da littafin 1640 da ya rage kwafi 11. Sauran ba wani ya ƙone su da gangan ba, amfani da sakaci ne suka cinye su. Haka yake faruwa a gidajenmu yau. A cikin adakar kaka ko gafakar malam akwai waƙoƙin wa'azi na ajami da gara ke ci. A gidan wani tsohon mai bishara akwai Littafin Waƙoƙi na bugun da, bango ya cire, ɗigon ɗaki ya jiƙa shi. Kowace damina wani abu na salwanta.

Aikinku na wannan mako

Na farko, kowa ya nemi littafi ko takardar waƙa mafi tsufa a gidansu, ta boko ko ta ajami, ta masallaci, ta coci ko ta makaranta. Ku nemi izini kafin ku taɓa. In bugaggen littafi ne, ku duba shafin farko ku rubuta shekara da garin da aka buga shi. In rubutun hannu ne, ku roƙi wanda ya iya ya karanta muku baitocin ƙarshe, ko za a dace da suna da ramzi.

Na biyu, ku ɗauki hoton kowane shafi da waya a wuri mai haske. Kada ku liƙa salatif a tsohuwar takarda, yana ɓata ta. Ku naɗe ta a tsumma mai tsabta, ku ajiye inda ruwa da gara ba sa kaiwa.

Na uku, ku zauna da wani dattijo ko dattijuwa ku tambaya: wa ya koya muku wannan waƙa, a ina, shi kuma wa ya koya masa? Ku rubuta amsar da kwanan wata. In akwai waƙar da a baki kawai take, ku naɗi muryar.

Na huɗu, ku kwatanta abin da kuka samo da na abokin ajinku wanda addininku ba ɗaya ba, cikin ladabi da girmama juna. Ba muhawara za ku yi ba, tarihi za ku koya, kuma rashin sani ya fi dare duhu.

Na ƙarshe, ku gwada abin da malamin Shagari ya yi. Ku zaɓi darasin da ke ba ku wahala, ko sassan fure ne ko jihohi da manyan biranensu, ku tsara masa baiti biyar, ku rera wa ƙannenku ku ga ko za su riƙe. In kun gama, kada ku manta ku sa sunanku da shekara a ƙarshe, sannan ku miƙa wa malamin Hausa na makarantarku ya aiko mana. Waɗanda suka fi kyau za su fito a wannan fili.